Kujerun Da Ba Na Kawu Ba

Zuwa ga Ƙusa, 'yar ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, aiki yana tafiya, kuma kin fara cin abinci irin na mutane, ba irin cin da ya sa na laƙaba miki wannan suna ba. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar Innarki da ke tashi idan an yi ruwa, sai kuma kunnena da kika sani. Injin yankan katako ya cinye na hagu tuntuni, yanzu ya fara lasar na dama. Shi ya sa duk kiran da kika yi sai ki ji ina ta "na'am, na'am". Ba jin ki nake yi ba, 'yar nan, kunya ce take hana ni faɗa.

To ga magani na samo: Kawunki ya shiga makaranta. A saman kantin magani na bakin titinmu wata malama ta buɗe ajin koyon kwamfuta na masu farawa, ranar Talata da yamma. Ɗaliban duk furfura ce: ni, da tela, da wata tsohuwar nas, da wani direba mai ritaya wanda ke danna linzamin kwamfuta kamar yana taka birki. Malama ba ta kai ki shekaru ba, amma Allah ya ba ta haƙuri. Ita ta buɗe mini imel ɗin nan, ta ce in riƙa rubuta wa wani nawa don hannu ya saba. Da yatsa ɗaya nake yi. Ranar Talata kaɗai nake iya ganin amsa, don wayata ta kira ce kawai, kiran ma kin ji yadda muke da shi.

Yanzu maganar da ta kawo ni. Kin tuna zuwanki na ƙarshe, kina zaune a kan bencin shago, kika ce za ki yi mini shafi a intanet irin wanda kike yi wa mutane, mai sunana da hotunan aikina? Ni ban manta ba. Bakina ma bai yi shiru ba. Na faɗa a aji cewa ina da 'ya wadda sana'arta ke nan, kuma ni na raine ta a cikin garin katako. Malama ta ce madalla, Talatar ƙarshen wata za a buɗe shi a babban allo kowa ya gani, ya zama darasi. Na ce mata babu damuwa. Sai da na sauko daga bene na tuna ban tambaye ki ba.

Innarki ta ɗauki hotunan da wayarta ta tura miki: teburin cin abinci, gadon jariri, da kujerun nan masu hannu da na yi wa ɗakin jiran likitan haƙori. Sai da ta sa na share shagon tas, wai kada duniya ta gan mu da datti.

Idan aiki ya yi miki yawa ki faɗa, in je in janye maganata. Ba a kama kowa a kan haka.

Kawunki.

*

Kawu,

Wa alaikumus salam. Wallahi na yi dariya ni kaɗai a ɗaki har maƙwabciyata ta buga mini bango. Ashe duk hirar da nake zuba maka a waya iska ce take kwashewa! Har labarin haƙorina da aka cire na ba ka, ka ce "madalla". Yanzu na gane.

Ina lafiya, sai ido da ke yaji saboda kallon allo. A gaishe mini da Inna, a ce ta daina hawa kujera tana goge silin da wannan gwiwar. Ina kuma gaishe da Malama, Allah ya ƙara mata haƙuri, don na san ɗalibin da ta samu.

Kada ka janye komai. Ni da na yi aikin makarantata a kan falankinka, in kasa yi maka shafi ɗaya? Abin dai shi ne, aikin da mutum ke yi wa kansa ba shi da maigida ɗaya. Duk wanda ya kawo aiki ya zama maigida, kuma a watan nan ina da uku. Akwai mai kantin takalma da ke canza launin shafinsa kullum, jiya shuɗi, yau ya yi mafarki da kore. Amma naka ba a layinsu yake ba, naka daban ne.

Na ga saƙon Inna ya shigo. Zan zauna in dubi hotunan a natse, ba a tsaitsaye ba. Kafin Talatar nan za ka ga abin da zai sa tela ya rasa bakin magana.

'Yarka,
Ƙusa.

*

Kawu,

A gurguje, ina fatan kowa lafiya. Shafin ya hau. Ga adireshin nan a ƙasa, ka ba Malama ta danna. Akwai 'yan abubuwan da suka rage, zan ƙarasa su a ƙarshen mako in sha Allah. Ka yi haƙuri da gajartar saƙon, mai takalma yana kan layi.

Ƙusa.

*

Ƙusa,

Sallama da fatan alheri. Gwiwar Innarki da sauƙi. Ta ce in gaya miki silin ɗin ba zai goge kansa ba.

An buɗe shafin. Malama ta rage fitila, ta haska babban allo, sai ga sunana ya fito da manyan baƙaƙe, da sunan shago, da lambar Innarki. Ban taɓa ganin sunana da wannan girma ba. Na gode, Allah ya yi miki albarka.

Sai ta gangara ƙasa, hotuna suka fito. Wani ɗaki fari fat mai manyan tagogi, da kujeru a jere. Ƙafafunsu sirara, bayansu kuma katako ɗaya ne da aka lanƙwasa ya zagayo har ya zama wurin ɗora hannu, babu ƙusa, babu mahaɗa, babu inda ido zai kama. Tela ne ya fara magana, ya ce, "Kai, mutumin nan! Ashe haka kake, kake zama cikinmu kana ɓoye kanka?" Direba ya taso ya ba ni hannu. Tsohuwar nas ta ce a tura mata adireshin, tana da mutanen da za ta nuna wa. Malama ta ce, "Baba, wannan aikin naka ko'ina aka kai shi sai an tsaya an kalla."

Ni dai na yi murmushi. A ranar kunnena ya yi mini amfani, wanda ya yi magana sai in gyaɗa kai kamar ban ji sosai ba. Da aka tashi na riga kowa sauka, na koma shago na zauna a kan benci, ban kunna inji ba.

Kujerun sun yi kyau ƙwarai, Ƙusa. Allah ya yi wa hannun da ya yi su albarka. Na duba ko zan ga gadon jariri ban gan shi ba. Wataƙila yana can ƙasa, inda ban iya kaiwa ba tukuna.

Kawunki.

*

Kawu,

Alhamdulillahi! Na karanta a mota, na ji daɗi har na kusa wuce inda zan sauka. Ai na gaya maka tela zai sha mamaki. Amin ga addu'a, hannun nan kuwa yana buƙatarta, don ya gaji. Gyare-gyaren da na ce suna nan a raina, ban manta ba, wani sabon aiki ne ya faɗo mini mai wa'adi a wuya. Da na sauke shi sai naka.

A gaishe da Inna.

Ƙusa.

*

Ƙusa,

Ina gaisuwa. Muna lafiya. Na ga amsarki, na kuma ga kina cikin hidima, don haka zan yi ƙoƙari in gajarta, ko da yake maganar ba gajera ba ce.

Tsohuwar nas ta cika alkawari, ta tura wa mutane shafin. A cikinsu akwai wata mata da za ta buɗe gidan abinci kusa da shataletale. Ranar Asabar ta shigo shago da waya a hannu, ina tsakiyar goge ƙafar tebur. Mace ce mai fara'a, irin masu magana da hannu. Ta kawo wayar daidai fuskata ta ce, "Baba, wannan kujerar nake so. So nake in cika ɗakin cin abincin da ita. Duk wanda na nuna wa sai ya riƙe baki. Kai ka yi ta da hannunka?"

Ta wajen kunnen dama ta tsaya, 'yar nan. Na ji ta sarai, ba ni da inda zan ɓuya. Na ce, "Ni ne."

Tunda na fara riƙe zarto ban taɓa ɗora sunana a kan aikin wani ba. Ko gyara aka kawo mini nakan ce wannan ƙafar ce tawa, sauran na mai shi ne. Amma a ranar na ce ni ne. Na gaya wa kaina cewa idan na ce a'a, tambaya ta gaba ita ce wa ya sa ta ƙarƙashin sunanka, ni kuwa ba zan mayar da 'yata maƙaryaciya a gaban baƙuwa ba. Wannan gaskiya ne, amma ba ita ce duka gaskiyar ba. Sauran ita ce, na ji daɗin yadda take kallona. An daɗe ba a shigo shagon nan da irin wannan ido ba.

Na fahimci abin da kika yi, kuma ban yi fushi ba. Ke kika san abin da idon mutanen yanzu yake so. Kin dubi hotunan Innarki, kin ga kayan tsoho ne masu nauyi, irin na ɗakin kakanni, sai kika rufa mini asiri da waɗanda suka fi su. Da farko abin ya yi mini ciwo. Daga baya na ce to, idan yarinya ta ga a nan ya kamata in kai, bari in gwada kaiwa.

Na karɓi aikin. Taimako ɗaya nake nema: idan kina da hoton kujerar ta baya, da ta ƙasa, ki turo mini. Ina so in ga yadda aka haɗa ƙafar da mazauni. Ta gaba kaɗai nake gani, na sa Malama ta ƙara mata girma har ta dushe, ban gane ba.

Kawunki.

*

Ƙusa,

Sallama. Talata ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, ban ga amsa ba. Ina fatan lafiya ce ta ɓoye ki. Malama ta duba mini ko saƙon ya ɓata hanya, ta ce a'a, ya isa.

Bari in ba ki labarin yaƙin da nake yi. Na samo gangar ƙarfe na kafa a bayan shago, na zuba ruwa, na hura wuta, ina turara katako don ya yi laushi ya lanƙwasu. Yana fitowa da zafinsa sai in naɗa shi a jikin wani gungume da na sassaƙa, in matse. Yakan bi ni kamar abin kirki. Sai ya bushe, in zo da safe in tarar ya tsage daidai kwanar. Na canza katako. Na yanka shi siri-siri na haɗa da gam. Wannan bai tsage ba, amma ya fito a karkace, wanda ya zauna a kai sai ya riƙa kallon maƙwabcinsa ko ba ya so. Bayan shago ya cika da gawarwakin kujeru. Teburin yanka yadin da tela ya ba ni aikinsa tun kafin wannan rigima yana jingine, kullum ina ce masa saura kaɗan.

Shekaranjiya murfin gangar ya zame, tururi ya kama mini hannun hagu daga wuyan hannu zuwa gwiwa. Kada hankalinki ya tashi, fata ce ta saluɓe, tsohuwar nas tana wanke mini. Da ma da hannun dama nake rubutu, shi ma yatsa ɗaya. Innarki ta daina yi mini magana sai da buga kwano. Ita kaɗai ta san gaskiya, don ita ta ɗauki hotunan. Maganarta ta ƙarshe ita ce, "Kai da ka tsufa da mutuncinka, kujerar da ba ka san ubanta ba za ta kashe ka?"

Zaman da ciwon ya sa ni ya ba ni damar tunani. Wannan kujera ba aikin hannu ɗaya ba ce, inji ne ya matse ta a wani wuri da ban taɓa gani ba. Ko da na iya ta, ƙaryar tana nan, don ranar da na ce ni ne ban yi ba. Saboda haka na yanke shawara. Ranar Juma'a zan ɗauki kujera ɗaya da ta rage cikin na likitan haƙori, in kai wa matar nan har gidan abincinta. Zan ce ta buɗe shafin a wayarta, in ɗora yatsana a kan hoton in ce, wannan ba tawa ba ce, na yi miki ƙarya, ga tawa. In ta so ta zauna ta gwada, in ba ta so ba in ɗauko abata. Ina so ta ji daga bakina kafin ta ji a wani wuri, wannan kaɗai ya rage mini.

Don haka ki bar komai yadda yake har in je in dawo.

Kawunki.

*

Kawu,

Innalillahi. Kawu, ka yafe mini. Yau Laraba na buɗe wasiƙunka biyu a tare. Tun da ta farkon ta shigo nake ganin ta, ina cewa wannan doguwa ce, sai na samu natsuwa. Natsuwar da ban samu ba ke nan. Ina kaiwa inda ka ce tururi ya kama maka hannu na kasa ci gaba, na rufe.

Ba abin da kake zato ba ne. Wallahi ba shi ba ne. Ban dubi kayanka na raina ba. Abin da na yi ya fi haka muni: ban dube su ba sam. Saƙon Inna yana nan yadda ya zo, sai yau na buɗe shi.

Ga yadda muke aiki. Idan za mu gina shafi, mukan ɗauko wanda aka riga aka tsara, ya zo da hotunan cike gurbi, don a ga yadda zai zauna kafin a sa na gaskiya. Kamar ƙusar da kake bugawa ta riƙe katako kafin gam ya kama, daga baya ka zare ta. Ranar da na tura maka adireshin lokaci ya ƙure mini, na sa sunanka da lamba, na ce hotuna sai ƙarshen mako. Ban ma gaya maka ba, na kira su "'yan abubuwa". Na ce naka ba ya layin masu biya, gaskiya ne, bayan layin na ajiye shi, don na san kai ba za ka kira ka yi mini faɗa ba. Har addu'ar da ka yi wa mai kujerun na karɓe na ce amin.

Yau na ga gadon jaririn. Na ga yadda ka zagaye kowace kusurwa don kada ta ji wa yaro ciwo. Na ga shagon a share, har da tsintsiyar Inna a gefen hoto ɗaya. Na yi kuka, Kawu, ba zan ɓoye ba.

Na gyara. Na cire hotunan nan duka, ko ɗaya ban bari ba, na sa naka. Yanzu duk wanda ya buɗe aikinka zai gani. Don Allah ka kashe wutar gangar nan. Ka je asibiti a duba hannun, kada ka tsaya a wankin gida. Na kira wayar Inna ba ta ɗauka ba, na san fushi take yi da ni, kuma tana da gaskiya.

Ƙusa.

*

Ƙusa,

Sallama. Hannu yana warkewa, ya fara ƙaiƙayi. Innarki lafiya.

Yau Talata na ga wasiƙarki. Abin da ke cikinta kuwa tun ranar Alhamis ya riga ta isowa.

Ina zaune a shago da hantsi, na sauko da kujerar da zan kai washegari ina goge mata ƙura da hannu ɗaya. Tela yana nan, ya zo ganin teburinsa. Sai ga mai gidan abinci, ita da yayanta, wanda ashe tare suka haɗa jari. Babu fara'ar nan. Ta ce, "Baba, ina kujerun?" Na ce waɗanne? Ta miƙo wayar. Sai na ga teburina. Na ga gadon jariri. Na ga kujerun likitan haƙori a ƙarƙashin sunana. Ƙusa, abin da na yi ta jira in gani ke nan, kuma sai da zuciyata ta yi tsalle kafin na tuna a gaban wa nake tsaye.

Ta ce ta buɗe ne za ta nuna wa yayanta, ta tarar an kwashe. Ta ce, "Tambaya ɗaya zan yi maka. Kai ka yi su ko ba kai ba?"

Na ce, "Ba ni ba ne."

Ta ce, "Shi ne ka bi ta baya ka goge, don in na zo ka ce ban gani daidai ba?"

Na ce mata wallahi gobe nake shirin zuwa in faɗa mata da bakina, ga ma kujerar da zan kawo. Yayan ya yi dariya ya ce, "Kowa aka kama, gobe zai zo." Ita ba ta ɗaga murya ba. Ta dubi hannuna a naɗe, ta leƙa bayan shago ta ga tarin da ke wurin, ta ce, "Da girmanka, Baba." Na mayar mata da kuɗin da ta bayar na fara aiki, suka tafi. Ba ta ko kalli kujerar ba.

Tela ya tashi ya tafi. Yau a aji ya koma kusa da direba. Tsohuwar nas ta wanke mini hannu kamar kullum, amma ba ta yi mini hira ba, ita ce ta kai sunana, ita aka kira aka yi wa ƙorafi.

Na karanta bayaninki, na kuma yarda da ke. Ta wani ɓangare na ji sanyi, tunda ba raina kayana kika yi ba. Ta wani ɓangaren ban san sunan abin da na ji ba. Abu ɗaya zan faɗa, ba da faɗa ba: wasiƙata tana da ƙasa, 'yar nan. Ki koma ki karanta ta har inda na sa hannu.

Malama ta ce kowane shafi yana da kalmar sirri da ake shiga da ita a canza abin da ke ciki. Ki turo mini tawa. Abin da ke ɗauke da sunana, ya kamata hannuna ya iya kai masa.

Kawunki.

*

Kawu,

Na koma na karanta. Layi ɗaya ne, ka ce in bar komai. Ga kalmar sirrin nan a ƙasa. Ban san me zan ƙara ba wanda ba zai zama wata sabuwar ɓarna ba.

Ƙusa.

*

Kawu,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Inna. Yaya hannu?

Na buɗe shafin na ga abin da ka rubuta a sama, a kan sunanka, da baƙaƙen da suka fi sunan girma:

"Kujerun da aka gani a nan a da ba ni na yi su ba. An tambaye ni na ce ni ne. Ƙarya na yi. Abin da ke ƙasa shi ne aikina."

Kawu, wannan ba adalci ba ne. Babu ni a ciki ko kaɗan. Wanda ya karanta zai ɗauka kai ka nemo hotunan ka liƙa, alhali ba ka ma san yadda ake yi ba. Na je zan ƙara layi ɗaya, in ce wadda ta tsara shafin ce ta sa su, da sunana cikakke. Ya ƙi buɗewa. Na sake gwadawa, na ɗauka hannuna ne ke kuskure. Sai na gane ka canza kalmar.

Na cancanci haka, ban musa ba. Amma don girman Allah ka bar ni in ɗauki rabona. In ba za ka ba ni kalmar ba, ka rubuta layin da kanka, ko Malama ta taya ka. Ko ka ba ni lambar matar nan in kira ta in yi mata bayani. Aiki nake yi, amma ban san abin da nake dannawa ba. Ka yi shekara da shekaru kana gina suna, na rushe shi a yammaci ɗaya don ina sauri, na dawo zan gyara na ƙarasa shi don ina sauri. Ka bari ko sau ɗaya a nuna ni da yatsa.

'Yarka,
Ƙusa.

*

Ƙusa,

Wa alaikumus salam. An kwance mini hannu, sabuwar fata ta fito ja kamar ta jariri. Innarki ta ce in gaya miki ba fushi ta yi ba, wayar ce take cikin kwandon wanki. Ki kira ta, tana kewarki.

E, na canza kalmar. Darasin makon jiya ke nan, Malama ta ce wanda aka ba makulli ya sake shi. Ni kaɗai na yi daidai a karon farko, har ta sa aka tafa mini. Tela ma ya tafa, kaɗan.

Ba zan ƙara layin ba, kuma ba zan ba ki lambar ba. Kin sa hoto, gaskiya ne, kuma kin yi sakaci, ba zan ce ba ki yi ba. Amma ranar babban allo na san ba nawa ba ne, na yi murmushi. Ranar Asabar aka tambaye ni, ba kya nan, bakina ne ya amsa. Idan na rubuta cewa yarinya ce ta jawo, na sake jingina da aikin wani ke nan. Ke kuma da sunanki kike ci, yanzu kika fara. Nawa ya riga ya yi aikinsa, zai iya ɗaukar tabo.

Kin tambayi hannu, ba ki tambayi shago ba, na san tsoro kike ji. Shiru ne. Na gama teburin tela, ya karɓa ya yi godiya a tsaye. Likitan haƙori ya aiko a gyara masa ƙofa, da na je ya ce, "Wai gaskiya ne abin da nake ji?" Na ce gaskiya ne, yana nan a rubuce, kowa zai iya karantawa. Mai gidan abinci ta buɗe wurinta da kujerun roba. Nakan wuce ta gaban, ban tsallaka titi don in kauce ba, ita ma ba ta kira ni ba.

Malama ta nuna mini wurin da ake ganin masu shiga shafin. Ba su da yawa. Ta ce kusan duka daga gari ɗaya ne, kuma da alama waya ɗaya ce, safe da rana da yamma. Ban gaya mata ko wace ce ba.

Ki daina buɗewa, Ƙusa. Rubutun ba zai canza ba.

Kawunki.